Zama cikin jirgin kanal: abin da na gaya ma ɗan yayata kafin ya zuba kuɗinshi

Tun da na zo gida hutu, duk daren da na zauna a fadarmu ta Zengo kafin a sauke shayi na biyu sai wani ya tayar da maganar. "Yaya wai da gaske cikin jirgin ruwa kake kwana a Ingila?" Da gaske ne, bana shekara ta huɗu ke nan. To shekaranjiya ɗan yayata da ya samu gurbin karatu a Birmingham ya same ni har gida, ya ce kawu ni ma fa jirgin nan nake so, an ce ya fi haya sauƙi. Na ce mishi zauna tukuna. Mun kai sha biyun dare muna magana, da ya tafi na ga gara in rubuta, don ba shi kaɗai ke da wannan tunanin ba.

Da farko kanal ba kogi ba ne, hanyar ruwa ce da mutane suka haƙa da hannu don jigilar kaya tun kafin jirgin ƙasa. Wanda ake kira Bridgewater an buɗe shi a 1761 don kai kwal Manchester, kuma a lokacin dawakai ke jan jiragen da igiya, shi ya sa har yau akwai 'yar hanya a gefen kowane kanal, nan muke ɗaure jirage. Tun 2012 hukumar Canal & River Trust ke riƙe da wajen mil 2,000 na hanyoyin nan a Ingila da Wales. Jirgin kuma narobot suke ce mishi, na ƙarfe ne, siriri dogo, faɗinshi ƙafa 6 da inci 10, wato mita 2 da ɗan ɗoriya, in ka tsaya a ciki ka ware hannuwa saura kaɗan ka taɓa bango biyu. Tsawo yana kaiwa ƙafa 72 amma mai ƙafa 57 shi ne ke shiga kusan ko'ina, nawa ƙafa 50 ne kuma ya ishe ni.

Abin da na fara gaya ma yaron, rabin karatun nan mu 'yan Damagaram mun yi shi tun a gida. Zaman jirgi lissafi ne, ruwa nawa ya rage, wuta nawa ta rage, gaz da gazuwal za su kai Juma'a ko ba za su kai ba. Wanda ya tashi yana jiran famfo ya zo ƙarfe ukun dare, ya ga yadda inna ke raba bido ɗaya tsakanin tuwo da wanke-wanke da alwala, ya san ranar da 'yan ga-ruwa ke tsada, wallahi ba sai an koya mishi tattali ba. Na ga Turawa da suka sayi jirgi suka sayar kafin shekara don ba su iya rufe famfo ba. Ɗaya rabin shi ne ba mu da shi, wato ƙarfe a cikin ruwa, sanyi, da inji, kuma nan ne mutum ke cutuwa in bai tsaya ya koya ba.

Kar ka sayi jirgi yana cikin ruwa. Wannan in ka manta komai kar ka manta shi. Fenti da labule da kujeru masu kyau ba su ne jirgi ba, jirgi shi ne ƙarfen da ke ƙarƙashi wanda idonka ba ya gani. Ka biya a fito da shi tudu, ka ɗauko mai duba jirage naka na kanka, ba wanda mai sayarwa ya kawo ba, ya bi jikin da na'ura yana auna kaurin ƙarfe. Yawancin na zamani ana ƙera su da milimita 10 a ƙasa, 6 a gefe, 4 a sama, tsofaffi kuwa da yawa tun asali ba su kai haka ba, ga tsatsa ta ci shekaru tana yin ƙananan ramuka kamar zanzana. Jirgin farko da na so saya na riga na ba shi zuciyata, araha ne, mai shi yana ta cewa wani na zuwa gobe da kuɗi a hannu. Da aka ɗaga shi aka wanke, mai dubawa ya kira ni ya ɗora yatsana cikin wani rami daidai layin ruwa, ya ce nan abin da ya rage bai kai milimita 3 ba. Kuɗin dubawa sun tafi kuma sun yi min ciwo a lokacin, amma da na saya da waldar sabon ƙarfe a jikin ta cinye duk abin da na tara. Araha ba ta ado. In ka ji ana gaggauta ka, ka saki.

Takardu uku ne, ba wuya. Lasisin hukuma da ake sabuntawa, kuɗinshi ya danganta da tsawo da faɗin jirgi. Inshora, asirans ɗinmu na nan, wadda aƙalla za ta biya ɓarnar da ka yi ma wani har fam miliyan 2. Sai takardar lafiyar jirgi ta Boat Safety Scheme duk shekara 4, ana duba gaz da wayoyi da mai da abin kashe gobara. Tuƙin jirginka na kanka ba ya buƙatar farmi a Ingila, a Faransa ne in injin ya wuce doki 6 sai da shi, amma duk da haka ka je kwas ɗin kwana ɗaya ko biyu na RYA, ƙungiyar masu jiragen ruwa ta can, ba asara ba ce. Kuma dan Allah a gane, jirgi ba ya ba mutum takardar zama a ƙasa, wannan maganar daban ce.

Inda ake ruɗuwa shi ne wurin ajiye shi. Ko ka kama wuri na dindindin a marina, wato tashar ajiye jirage, kana biya, wanda a Landan kuɗinshi kan yi kusa da hayar ɗaki kuma samun shi ma wahala ne, ko ka yi rajista a matsayin mai yawo. Mai yawo doka ta 1995 ta ce kar ya wuce kwana 14 a wuri ɗaya, wasu wuraren ma kwana biyu ne an kafa allo. Kuma ba wai ka matsa mita ɗari ka dawo ba, ma'aikata na bi da ƙafa da keke suna rubuta lambar jirgi, in suka ga ba tafiya kake da gaske ba za su rage maka lasisi, in ka ci gaba su hana. Tun 2024 ma an ƙara ma masu yawo kuɗi a kan na sauran. To ka yi tunani, makarantarka ko wurin aikinka na nan a tsaye, gidanka kuma duk sati biyu yana wata unguwa, wani lokaci tashar jirgin ƙasa na kusa wani lokaci sai ka yi minti arba'in a ƙafa cikin taɓo. Ga batun adireshi, banki da likita da makaranta duk suna son inda za su aiko wasiƙa, sai ka roƙi wani ɗan uwa mai gida tun kafin ka shiga.

Ruwa. Kana zaune a kanshi amma ba naka ba ne. Ruwan kanal ba a sha, ba a wanka, ni ko alwala ba na yi da shi, akwai mai a ciki akwai fitsarin ɓera da ke kawo wata cuta mai zazzaɓi da kan taɓa hanta da ƙoda, in kana da ciwo a hannu ka rufe shi kafin ka taɓa igiya jiƙaƙƙa, in ka faɗa ciki kuma zazzaɓi ya biyo baya ka gaya ma likita a kanal ka faɗa. Ruwan amfani yana cikin tanki a gaban jirgi, nawa lita 500, bido 20 ke nan na lita 25. Ana cikawa a famfunan hukuma da ke bakin hanya, da makulli na musamman ake buɗe su, tiyo kuma naka ne, ka ajiye shi da tsabta kar bakinshi ya taɓa ƙasa. Ni kaɗai yana kai ni sati biyu har da saura saboda wankan bokiti nake yi irin na gida, buta na nan, wanke-wanke a roba. Wanda ya sakar ma kanshi shawa kwana huɗu ya ƙare. Ban ɗaki kuma akwati ne da ake zarowa a kai wurin zubarwa na musamman duk kwana uku ko huɗu, ko babban tanki da ake zuƙewa da inji a biya. Ba a zubawa a kanal ko kaɗan. In ka san kana ƙyamar wannan aikin to ka tsaya nan, ba wanda zai yi maka.

Wuta daga batir take, bolt 12, ɗaya na tada inji shi kaɗai, sauran na gida. In irin na da ne masu gubar dalma kar ka bari su sauka ƙasa da rabi, suna mutuwa da wuri. Da bazararsu sola na wadatarwa, rana ba ta faɗuwa sai bayan tara na dare. Amma a Disamba kafin ƙarfe huɗu na yamma duhu ya yi kuma ranar ma ba ƙarfi, ba irin tamu ba ce da ke cika batir kafin azahar, dole ka tada inji awa ɗaya ko biyu kullum, shi ma tsakanin 8 na safe da 8 na dare kawai aka yarda in kana ɗaure. Dutsen guga da hita da butar lantarki ka manta da su.

Yanzu abin da ya fi tsaya min a rai, sanyi da murhu. Mu nan in hunturu ya yi sai a shigo da gawayi ɗaki a rufe ƙofa, kuma kowa ya san gidan da aka wayi gari ba su tashi ba. A jirgi haɗarin ya ninka don akwatin ƙarfe ne ƙarami. Murhun jirgi na ƙarfe ne rufaffe mai bututun hayaƙi ta rufi, ana sa kwal ko busasshen itace, akwai ma jirage masu yawo suna sayar da kwal da gaz da gazuwal har bakin jirginka. Iskar da wuta ke fitarwa mai kisa ba ta da wari ba ta da launi, ciwon kai ne da jiri da barci. Tun Afrilu 2019 dole ne a samu ƙararrawar gano ta a jirgi, ni biyu gare ni, ɗaya a saitin kaina inda nake kwana, kuma duk wata ina danna su in ji ƙara. Ramukan iska da ke ƙofofi da rufi kar ka toshe su, na sani iska mai sanyi na shigowa ta nan kuma hannu na ƙaiƙayin cusa tsumma, kar ka yi. Ka share bututu aƙalla sau biyu a hunturu, toka mai zafi a bokitin ƙarfe a waje, ba ciki ba, janareto kuma can bisa tudu nesa da taga. Gaz ya fi iska nauyi, in ya zuba ƙasan jirgi yake taruwa yana jiran ashana, shi ya sa tukunyarshi ke da akwatinta mai rami da ke fitarwa waje, kar ka shigo da 'yar tukunya ta dafa shayi ciki. Sannan gumi, numfashinka da tururin girki na kwanciya a taga da bango su zama fumfuna, sai ka riƙa buɗe taga kaɗan ko da ana sanyi kana ɗaga katifa tana shan iska.

Inji ba abin tsoro ba ne, na gazuwal ne mai sauƙi, duk wanda ya taɓa zama kusa da mai injin niƙa zai gane shi. Kafin ka tada ka duba baƙin mai, ruwan sanyaya, bel, ka leƙa ƙasa ko ruwa ya taru. Juye da canjin filta wajen kowane awa 250 ko sau ɗaya a shekara, ka koya da hannunka don makaniken jirgi tsada gare shi. Da hunturu ka riƙe tankin mai a cike, in ya yi rabi gumi na sauka ciki, ruwa ya haɗu da gazuwal wani baƙin kauci ya tsiro ya toshe filta. Akwai kuma inda sandar farfela ke fita daga jiki, nan ruwa na ɗiga kaɗan-kaɗan, akwai ɗan murfin giris da ake murɗawa duk bayan tafiya har ka ji ya yi tauri. Minti ɗaya ne amma shi ke raba ka da tashi cikin ruwa.

Ga wanda ya kusa cin jirgina. Saman farfela akwai wani akwati mai murfi da ake buɗewa a sa hannu a cire abin da ya naɗe, leda, igiya, waya, har tsohuwar riga. Wata Janairu injin ya fara rawa jirgi ya ƙi tafiya, na kashe, na zare makulli na sa aljihu, wannan dole ne kafin hannu ya shiga, na tura hannu har kafaɗa cikin ruwa mai kamar ƙanƙara ina yanka da wuƙa. Na fi minti ashirin, yatsuna sun daina ji. Na mayar da murfi amma ban ɗaure ƙarfen da ke danne shi sosai ba saboda hannu ba ƙarfi. Na yi tafiyar minti goma sai na ji famfon fitar da ruwa na ta aiki ba tsayawa, na ɗaga katakon da nake tsaye a kai, ruwa ne ke tsalle ta bakin murfin duk juyin farfela, ya kusa kai gindin inji. Jikina har rawa yake. Jirage na nutsewa ta nan. Tun ranar in na rufe sai na sa giya na minti ɗaya ina kallon murfin da idona kafin in saki igiya.

Tuƙi kuwa sannu ba ta hana zuwa, iyakar gudu mil 4 a awa, tafiyar mutum mai sauri a ƙafa. Hannun dama ake bi duk da motocinsu hagu suke bi. Sandar tuƙi in ka tura ta hagu kan jirgi dama zai yi, kwana biyu kanka zai ɗaure sannan ya zauna. Birki babu, ribas ne birki kuma tan goma sha wani abu ba ya tsayawa nan take. In za ka wuce jiragen da ke ɗaure ka rage wuta har ƙasa, igiyar ruwanka na girgiza gidan mutane, wani na da tukunya a wuta.

Sai lok, wato ɗakin ruwa mai ƙofofi biyu da ke hawar da jirgi tudu ko saukar da shi. Daga Landan zuwa Birmingham ta kanal ɗin Grand Union mil 137 ne da lok 166, kuma kai ne za ka buɗe yawancinsu da wani ƙarfe mai lanƙwasa da ake ce ma winlas. Ka buɗe mashigar ruwa a hankali, ka riƙe ƙarfen da kyau don in ya kuɓuce yana juyowa ya fasa haƙori. In kana sauka akwai wani dakali na siminti ƙarƙashin ƙofar baya, an ja farin layi a bango don nuna shi, ka tsaya gaban layin, in gindin jirgi ya hau dakalin ruwa na janyewa kan jirgin zai nutsa cikin daƙiƙoƙi. Ka ga abu ya karkace, rufe duk mashigai tukuna sannan ka yi tunani. Kuma mu faɗi gaskiya, yawancinmu ba mu iya ruwa ba, wanda ya je tafkin Gidimuni ma daga baki yake kallo. Kanal da yawa bai wuce ƙirji ba amma lok ya fi ƙarfin tsayin mutum nesa, gefenshi santsi, ruwan sanyi kuma na ɗauke numfashi nan take. Ruwa ba sa'an kwando ba ne. Ni sai da na shiga ajin koyon iyo na manya, kuma har yau in ni kaɗai ne a lok da rigar hana nutsewa nake.

Duk shekara 2 zuwa 3 ana fito da jirgi tudu a wanke shi da ruwa mai ƙarfi, a kankare tsatsa, a shafa baƙin fenti mai kwalta shafi biyu ko uku, a bar shi ya bushe sosai kafin a mayar. A lokacin ka duba wasu dunƙulen ƙarfe masu laushi da aka liƙa a jiki gaba da baya, aikinsu su cinye a madadin jirgin, in sun zaizaye fiye da rabi a sa sababbi. Na yi shafin da kaina, kwana biyar, kuɗin ya ragu sosai kuma na san kowane tabo na jirgina. Ka riƙa ware wani abu duk wata don wannan, jirgi ba kamar fili ba ne a Karkada da ke ƙara daraja yana kwance, shi kullum ci yake.

Yaron ya tambaye ni salla. Wuri na mutum ɗaya akwai, tsakanin murhu da kujera, amma gabas na canzawa duk inda ka ɗaure tunda kanal na lanƙwasa, can alƙibla kudu maso gabas take, sai in duba waya in sa ɗan tef a bango. Jam'i dai sai masallaci, shi ya sa nake zaɓen wurin ɗaurewa da Juma'a a raina. Abin da ya fi min nauyi ba sanyi ba ne, rashin wurin baƙo ne. Mu mutanen zumunci ne, a ce ɗan garinku ya sauka ba ka da inda za ka shimfiɗa mishi, yana ci min rai. Maƙwabtan ruwa na da kirki, za su kama maka igiya su ara maka sifana, amma bayan sati biyu kowa ya kama gabanshi. Don haka gwauro ko mata da miji da suka shirya ma abin tare, bismilla. Mai ƙananan yara masu rarrafe ban ba shi shawara ba.

Shi ɗan yayata na ce shekarar farko ya zauna ɗakin makaranta ya san gari, kar ya taɓa kuɗin da mahaifiyarshi ta sayar da filinta ta haɗa mishi. In Janairu ta yi ya zo wurina ya yi sati biyu, shi zai tashi da asuba ya hura murhu, shi zai kai akwatin ban ɗaki, shi zai sa hannu a ramin farfela. Ya ce to kawu, me zan taho da shi? Na ce safa mai kauri, takalmi mai kama ƙasa, da kilishi. Winlas ina da guda biyu.